Rairayi bai taɓa riƙe zarto ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata jimla da ta ishe ni: "Hamada ta cinye gari." A rediyo ita ce, a bakin manya ranar 3 ga Agusta wajen dashen itace ita ce, har cikin rubutun wasunmu a wannan ɗan littafi. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, aikina ke nan in dubi jimla in tambayi wane ne aikau. A wannan jimla an ɗora wa rairayi laifin mai gatari.

Bari in kai ku nesa tukuna. A Amurka, jihar Mishigan, inda kogin Kalamazu ke faɗawa cikin babban tabkin Mishigan, an kafa wani gari a 1836 mai suna Singafo (ba ta Asiya ba). Garin katako ne. Injunan tsaga itace, kantuna, masaukin baƙi, jiragen ruwa na lodi, har da banki mai buga takardun kuɗinsa na kansa. A watan Oktoba na 1871 gobara ta ƙone birnin Shikago. Masu sake gini suka buƙaci katako, farashi ya yi kyau, masu injuna suka faɗa wa dajin da ke kewaye da garin. To, saiwoyin waɗannan itatuwa su ke riƙe da tuddan rairayin bakin tabki. Zuwa 1875 babu sauran abin yanka. Masu dukiya suka kwance injinsu, suka loda a jirgi, suka yi arewa inda daji bai ƙare ba. Wasu gidajen katako an ja su bisa ƙanƙarar kogi zuwa garin Sogatak na kusa. Sauran, iska ta yi ta tura musu rairayi har ya rufe su. Yau Singafo na ƙarƙashin tudu.

Turawa na kiran irin wannan wuri garin fatalwa. Dubi wayon sunan! Fatalwa ba a kai ta gaban alƙali, ba a tambayarta ina riba ta shiga. Mu Hausawa kufai muke cewa, kuma kalmarmu ta fi gaskiya, don duk wanda ya ji kufai ya san mutane ne suka tashi, sai ya tambayi abin da ya tashe su. A Singafo amsar ba ɓoyayya ba ce: masu injin sun tafi da injinsu da kuɗinsu, leburori suka rasa aiki da muhalli.

Mu dawo gida. Galibin tukwanen Yamai da itace ko gawayi ake dafa su. Kamiyo-kamiyo na shigowa daga wajen Sayi da Torodi, lodi har ya fi ƙarfin mota. Amma in an tashi faɗa, wa ake nuna wa yatsa? Tsohuwar da ta ɗauko ƴan ƙirare a ka. Mai kamiyo, da wanda ya sa masa hannu a takarda, da mu da ke cin tuwon, duk mun ɓuya bayan ɗan lamirin nan "an". An sare daji. Wa ya sare? Shiru.

Wani abokina ya ce ai fari ma gaskiya ne, ruwan sama ba a hannun kowa yake ba. Na yarda, 1973 da 1984 ba tatsuniya ba ce. Sai dai a ƙarƙashin wannan sama ɗin ne manoman Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, suka riƙa barin tohon kututture lokacin sassabe, suna rainon gawo cikin gonakinsu, har kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Su ma nahawun nan ya cuce su, wai "ƙasa ta yi kore", kamar da kanta ta yi.

Saboda haka ga shawarata ga kwamitinmu na tace rubutu. Duk wanda ya kawo maƙala mai "hamada ta cinye" ko "an sare", a mayar masa da takardarsa, a rubuta "wa?" da jan biro a gefen layin. Ni ma an taɓa buga mini irin wannan jimla a nan, ku fara da tawa.