Talaka Shi Ne Gatan 'Yar Talaka

A ƙasar Rano da Kibiya, daga Rurum har Tarai, da wuya a rasa unguwar da ba ta da yarinyar da aka yi wa laƙabi. Wata ana ce mata doluwa, don ba ta amsa kira, ba ta duban idon mai yi mata magana, ƙarar injin niƙa kuwa takan sa ta toshe kunne ta yi ta kuka. Wata ana ce mata shashasha, don in an aike ta manja sai ta komo da gishiri, ko tuwo ya ƙone tana zaune gaban murhu. Maganar waɗannan yara za mu yi yau, 'yan'uwa talakawa, gama ba a jin ta a bakin masu neman ƙuri'a.

Likitoci sun san abin nan, kuma iri biyu ne. Na fari shi ne otizim, wanda gidajen rediyo kan kira galahanga: wahalar magana da cuɗanya, da son maimaita abu ɗaya, da ƙin sauyi. Na biyu suna ce masa ADHD, watau kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wani lokaci tare da rawar kai. Duka biyu daga halittar ƙwaƙwalwa suke, gado kuwa yana da babban hannu a ciki. Babu ruwan sammun kishiya, babu ruwan allurar rigakafi, uwa kuma ba ta da laifi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Masu ADHD kuwa masana suna lissafa wajen 5 cikin 100. To, ku ƙirga yaran Islamiyyar unguwarku, ku yi wa kanku lissafi. Amma fa ba kowace mai shiru ko mantuwa ke da shi ba. Kurumta da farfaɗiya da yunwa ma suna kawo haka, shi ya sa ake son likita ya duba.

Me ya sa muka ware mata? Tun 1943 da wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana otizim, yara 11 ya duba, 8 maza, 3 mata. Aka daɗe ana cewa in an sami maza 4 sai a sami mace 1. A 2017 masana a Landan suka sake bin lissafin, suka ga ya fi kusa da 3 da 1, watau akwai matan da ake tsallakewa. Yarinya takan ɓoye wahalarta, ta dinga kwaikwayon ƙawaye har ta gaji. A wajenmu kuwa abin ya fi haka, domin yarinyar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru yabonta ake yi, a ce kunya gare ta. Namiji mai ƙiriniya kowa ya gan shi, ita kuwa sai ranar da abu ya ɓaci.

Ga kuwa yadda yake ɓaci. A makaranta ana dukanta don ta kasa hadda, har a cire ta. A ɗora mata talla, ita da ba ta gane mai wasa da mai mugun nufi, a cuce ta a canji, wani lokaci a yi mata abin da ya fi cutar canji muni. Daga nan a ce aure ne maganinta. Bayan wata kaɗan ta komo da takarda, wai ba ta iya zama da mutane ba. Uwa kuwa ta sayar da akuya da kwanukan jerenta wajen masu magani, ta sha gori, har ta daina zuwa biki da suna don kada a yi da ita.

Dokoki dai akwai su. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Tun 2004 doka ta ce ilimin farko kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro. Madalla. Amma ƙwararrun da ke duba irin wannan a birni suke, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Mai sayar da ƙuli-ƙuli a Kibiya ta biya motar mutum biyu zuwa da dawowa, ta bar sana'arta wuni guda, sa'an nan a ce ta komo wani watan? Dokar da ba ta wuce Kwanar Dangora da bakin ofis ba, me ta tsinana wa talaka?

Saboda haka muna kira ga jama'armu, kafin mahukunta su farka, mu yi abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, iyaye mata masu irin waɗannan yara su nemi juna. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba takarda ba alƙali, ba za su kasa zama sau ɗaya a mako ba. Wadda ta gano yadda 'yarta ke yarda a yi mata kitso ta koya wa 'yar'uwarta. A yi karɓa-karɓar reno, don kowace ta sami zuwa unguwa ko ta runtsa. A ware wani abu cikin zubi don kuɗin mota zuwa asibiti. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na biyu, a yi wa yarinyar ƙawa. Malamar Islamiyya ta zaɓi yarinya mai haƙuri su zauna tabarma ɗaya, su tafi tare su komo tare, a sa ta cikin gaɗa da wasan 'yar tsana gwargwadon yadda take so. Su kansu masu lalurar a haɗa su, babba ta ja ƙarama, gama babu mai gane su kamar junansu.

Na uku, 'yan kasuwa, amana ce a wuyanku. Ku ba ta canjinta cif, ku tsawata wa mai tsokanarta, in kun gan ta tana gararamba ku mai da ita gida. Maza kuma su daina barin uwa da kayan ita kaɗai. 'Yarka ce.

Ga mahukunta kuwa buƙatarmu ba ta fi ƙarfinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani horo na iyaye, zama 9 na taro da ziyara 3 zuwa gida, wanda ba sai babban likita ne zai koyar ba, an kuwa gwada shi a Habasha da Kenya. A juya shi da Hausa, a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Rano da Kibiya da Bunkure. A sa ranar da ƙwararre zai riƙa zuwa Babban Asibitin Rano. A hana shugaban makaranta korar yarinya don ta bambanta da sauran. Kansila da ciyaman da wakilinmu a majalisar tarayya, duk wanda ya zo neman ƙuri'a ku tambaye shi wannan a gaban jama'a.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu don masu otizim tun 2008. A birni akan yi jawabi a ɗauki hoto a watse. Mu namu ya fara daga adashin wannan makon. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana.