Filin 'Yan Makaranta: Lissafin Raba Daidai

A ranar 10 ga Satumba, 1994 ta sake dawowa cikin tunanin dattawan Maiduguri, domin a wannan rana ta shekarar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle kamar yadda ta yi shekaru 30 da suka wuce, ruwa ya malale unguwanni da dama, har da Abbaganaram. Da aka fara kai kayan agaji, masu rabo suka fuskanci tambayar da ɗaliban sakandare ke gamuwa da ita a jarrabawa: gida nawa kayan za su isa, kowa ya sami daidai da na ɗan'uwansa, ba tare da saura ba?

Amsar tana ga lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu ko fiye ba saura, wadda littattafan makaranta ke taƙaita sunanta da haruffan HCF.

A ɗauki misali. An kawo mudun shinkafa 252 da sandar sabulu 180. Sai a raba babbar lamba da ƙaramar: 180 ta shiga 252 sau ɗaya, saura 72. Sa'an nan 72 ta shiga 180 sau biyu, saura 36. Ita kuwa 36 ta shiga 72 sau biyu cif. To, lambar da ta raba ba saura ita ce amsa. Watau gida 36 za su samu, kowane gida mudu 7 da sabulu 5. In da mai rabo ya tsaya a 18, ita ma tana raba su, amma da gida 18 sun koma hannu rabbana.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Uƙlidis, masanin lissafi na birnin Iskandariya ta Masar, ya rubuta ta kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ta fi sauri in lambobi sun yi yawa.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne gane abin da tambaya ke nema, domin sau da yawa ba ta ambatar sunan dabarar. In ana maganar rabawa, ko yankawa, ko jerawa kashi-kashi daidai, kuma ana neman mafi yawa ko mafi tsawo, to, HCF ake nufi. In kuwa ana tambayar yaushe abubuwa biyu masu maimaituwa za su sake haɗuwa, wannan aikin LCM ne. Alama mai sauƙi ita ce, HCF ba ta taɓa wuce ƙaramar lambar da aka bayar.

Aikin wannan mako: tela yana da yadi biyu, ɗaya santimita 120, ɗaya 84. Yana so ya yanka su gunduwa-gunduwa masu tsawo ɗaya, ba ƙyallen da zai rage. Mene ne tsawo mafi girma na kowace gunduwa, kuma gunduwa nawa zai samu? Amsa za ta fito mako mai zuwa, in Allah ya yarda.