Gwiwar Manomi da Nasihar Zama



Duk wanda ya tsaya a kasuwar hatsi ta Dandume lokacin kaka, ya ga 'yan dako suna saɓa buhun masara mai kilo 100 suna hawa katako da shi zuwa bayan mota, sa'an nan ya waiwaya ya dubi dattijon da ya shekara arba'in sunkuye a kan fartanya, wanda yau sai ya dafa bango kafin ya tashi daga tabarma, to, ya ga mafarin lalurar gwiwa da ƙarshenta a wuri guda. Mu dai sanyin ƙashi muke ce mata, amma haƙiƙanin al'amari shi ne, guringuntsin da Allah Ya shimfiɗa tsakanin ƙasusuwan gwiwa ke zaizayewa, saboda shekaru da ɗaukar nauyi da ƙiba da tsohon targaɗe, har ƙashi ya soma gugar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita a gwiwa da sauran gaɓoɓi sun kai miliyan 528 a shekarar 2019, mata kuma suka fi yawa.

Abin da ke damuna shi ne nasihar da muke yi wa iyayenmu saboda tausayi, muna cewa, "Baba, zauna ka huta," alhali kuwa guringuntsi ba shi da jijiyar jini, abincinsa ruwan gaɓa ne, ruwan nan kuma ba ya ratsa shi sai da motsi. Don haka in zama ya yi tsawo, sai naman cinya ya saki, gwiwa ta sage. Ku bar Baba ya taka zuwa masallaci sannu a hankali, sandarsa a hannun da ba na gefen ciwon ba. Ku bar shi ya hau kekensa ya leƙa gona. Inna kuwa a samar mata kujera mai ɗan tudu wajen alwala da girki, ta riƙa miƙe ƙafa tana lanƙwasawa safe da yamma. Ranar da sujada ta gagara, fuƙaha'u sun riga sun bayyana rangwamen salla a zaune, babu zunubi, babu abin kunya.

Ina kuma roƙonku game da ƙwayoyin haɗin nan na kyamis da ake sha kullum ba bisa umarnin likita ba, domin suna kwantar da zogi, amma suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Idan gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko zogi ya hana barci, a garzaya Babban Asibitin Funtuwa, inda in abin ya faskara za a tura mutum asibitin Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.