A Bar Ɗalibanmu Su Shiga Tseren Jiragen Ruwa In Sun Je Waje

Kowace shekara akwai waɗanda ke gama wannan makaranta tamu su sami gurbin ƙaro ilmi a ƙasashen waje, wasu Ingila, wasu Masar, wasu Maleshiya, wasu kuma wurare dabam dabam. Kafin su tashi akan zaunar da su a yi musu nasiha, a ce su riƙe salla, su kula da karatu, su guji abokan banza. Duk wannan daidai ne. Amma akwai gargaɗi ɗaya da kusan kowace uwa takan ƙara da shi, watau kada ɗanta ya kuskura ya kusanci ruwa. A kan wannan gargaɗin nake so in yi magana cikin ladabi, domin ni a ganina ɗalibin da Allah ya kai garin da ke bakin teku ya kamata ya koyi iyo, ya shiga ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa, ya kuma gwada kansa da 'yan garin.

Bari in fara bayyana irin tseren da nake nufi, don na san in an ce tseren jirgi da yawanmu sai hankalinsu ya tafi ga tseren kwalekwale na bikin kamun kifi na Argungu, inda ƙarti ke tuƙi da ƙarfin damtse. Wannan dabam ne. Jirgin da nake magana a kai iska ce kaɗai ke tafiyar da shi. Doguwar sanda ake kafawa a tsakiyarsa a ɗaura mata babban ƙyalle mai ƙwari, iska ta bugi ƙyallen, jirgi ya kama hanya. Matuƙi na zaune a baya yana juya akalar jirgin, abokan aikinsa na jan igiyoyi suna sassautawa gwargwadon yadda iska ta zo. Wani jirgin ƙarami ne, na mutum ɗaya ko biyu, wani kuwa sai da mutum goma ko fiye.

Irin wannan jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da zai yi shi ne ya bi ta a karkace, wajen digiri 45 daga inda take busowa. Saboda haka in wurin da ake son zuwa yana can inda iskar ke fitowa, sai matuƙi ya yi ta kwana, ya nufi dama, ya juyo hagu, ya sake komawa dama, kamar jakin da ke hawan tudu da kaya. Yaushe zai yi kwanar, ta wane gefe iska ta fi ƙarfi, ina igiyar ruwa ta nufa, duk shi zai auna da idonsa da ƙwaƙwalwarsa. Darasin nan na kusurwoyi da malamin lissafi ke fama da mu a kansa a jikin allo muna hamma, a can shi ke raba na ɗaya da na goma.

Tashin ma kansa sai mai dabara. Layin tashi yana tsakanin jirgin alƙalai da wata alama da ke yawo a kan ruwa kamar gorar masunta. Akan ɗaga tuta a busa ƙaho saura minti 5, a sake saura 4, a sake saura 1, sannan a ba da izinin tashi. To, jirgin ruwa ba shi da birki. Kowa yana kai da kawowa a bayan layin yana son ya iso daidai kan lokaci da gudunsa, wanda kuwa ya yi garaje ya ƙetare kafin lokaci dole ya koma baya ya sake. Bayan an yi tsere da yawa cikin 'yan kwanaki sai a tara maki, na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, har zuwa na ƙarshe. Wanda makinsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Amma abin da ya fi jan hankalina a wasan nan shi ne yadda ake hukunci. A ƙwallon ƙafa mun saba ganin ɗan wasa ya taɓa ƙwallo da hannu ya yi fuska, yana fatan alƙali bai gani ba. A yawancin tseren jirage babu alƙalin da ke bin kowane jirgi. Akwai dokoki, alal misali in jirage biyu za su gamu, wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. In ka karya irin wannan doka, kai da kanka za ka fita gefe ka juya jirginka sau biyu cur, abokan takararka na wucewa kana kallo. In alamar kwana ka taɓa, juyi ɗaya. Wanda ya ƙi, ana iya kai ƙararsa gaban kwamiti bayan an sauka, a kuma soke masa tseren baki ɗaya. Ina tambayar iyayenmu, wace tarbiyya ce ta fi a ce yaro ya saba hukunta kansa a inda babu mai riƙe da bulala?

Doka ta farko a littafin dokokin wasan kuwa ta wajabta wa kowane jirgi ya taimaki duk wanda ya gani cikin haɗari. An ga aikinta a wasannin Olamfik na 1988 a Koriya ta Kudu. Wani matuƙi ɗan Kanada, Lawrence Lemieux, yana matsayi na biyu a tsakiyar tsere, iska ta yi ƙarfi ƙwarai, sai ya hango jirgin wasu 'yan Singafo biyu ya kife, su kuma suna cikin ruwa. Ya bar tserensa ya je ya tsamo su, ya jira har jirgin ceto ya zo, sannan ya koma ya ƙarasa can baya. Alƙalai suka mayar masa da matsayinsa na biyu a wannan tseren, aka kuma girmama shi saboda abin da ya yi. Bai koma gida da zinariya ba, amma ga shi yau muna ba da labarinsa a mujallar makaranta.

Yanzu in zo kan batun tafiya, wanda shi ne ainihin maganata. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowace tafiya ba. Mun sha jin yadda yayyenmu ke zama a waje: daga ɗaki sai aji, daga aji sai kanti, ran Juma'a masallaci, hira kuwa sai da 'yan ƙasarsu. Mutum ya shekara huɗu a gari ya dawo da takardar shaida, bai taɓa shiga gidan ɗan garin ba, bai san yadda suke shawara ko yadda suke fushi ba. A cikin jirgin tsere wannan katangar ba ta daɗewa. Mai jirgi yana bukatar hannuwa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in iska ta taso ba wanda ke da lokacin tambayar daga wace ƙasa ka fito. Ja igiya za a ce maka, in ka ja daidai gobe a sake nemanka. A nan ne harshen da ka koya a littafi zai zauna a bakinka, don umarnin da aka daka maka cikin iska ba ka mantawa da shi.

Wuraren gwada kai kuwa suna da yawa. A garin Cowes da ke wani tsibiri a kudancin Ingila ana yin makon tsere tun 1826, ɗaruruwan jirage ke taruwa a lokacin zafinsu. A Kiel ta ƙasar Jamus ana yin nasu tun 1882, a ƙarshen watan Yuni. Masu karatu a Maleshiya ma ba a bar su a baya ba, akwai tseren Raja Muda da aka fara a 1990, wanda ke bin gaɓar yamma daga Port Klang har tsibirin Langkawi. A irin waɗannan taruka ɗan koyo da gwani kan fita ruwa ɗaya a rana ɗaya, abin da ba za ka taɓa gani a ƙwallo ba.

Wani zai ce ai wannan wasan attajirai ne. Akwai gaskiya a ciki in ana maganar manyan gasa irin ta Kofin Amurka, wanda aka fara a 1851, Amurkawa suka riƙe shi shekara 132 har Ostireliya ta ƙwace a 1983. Can kam sai masu hannu da shuni. Amma ɗalibi ba ya bukatar sayen jirgi. Jami'o'i da yawa a Ingila suna da ƙungiyoyi masu ƙananan jiragensu, ana tseren jirgi uku da uku, kowanne mutum biyu, ɗan kuɗin rajista kawai za ka biya. Masu manyan jirage kuma sukan kafa sanarwa suna neman wanda zai taya su aiki, kamar dai yaron mota, kai ka ba da ƙarfinka su su ba ka wuri. Ƙaramin jirgin nan mai suna Optimist da yara ke fara koyo da shi, tun farko a 1947 da katako mai araha aka ƙera shi a Amurka, musamman don 'ya'yan kowa da kowa su samu.

Wani kuma zai ce al'adar Turawa ce. Kakanninmu da suka taka da ƙafa zuwa aikin hajji, suka ratsa Chadi da Sudan, da yawansu a irin waɗannan jirage masu ƙyalle suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Larabawan Dubai suna tseren manyan jiragensu na katako tun 1991 don tunawa da dawowar masu nitso neman lu'ulu'u, Musulmin tsibirin Lamu na Kenya ma suna nasu. Ban ɓoye ba, a ƙasashen Turai in an sauka daga tsere wasu sukan zauna shan giya. Wannan kuwa ɗalibi zai tarar da shi ko a ƙofar ajinsa, wanda aka yi wa tarbiyya a gida zai sha shayinsa ya yi sallama.

Saura babbar magana, ita ce ta haɗari, kuma ba zan raina tsoron iyayenmu mata ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a tseren Fastnet, tafiyar mil 600 da 'yan kai, a zagayo wani dutse a kudancin Ailan a dawo. Guguwa ta rutsa da su da dare a tsakiyar teku, 'yan tsere 15 suka rasu. Da aka yi bincike sai aka ga wani abin takaici: daga cikin jirage 24 da mutane suka gudu suka bari, an tsinci 19 ba su nutse ba, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma 'yan kwalekwalen roba na ceto a can suka hallaka. Bayan wannan aka tsaurara dokoki, aka wajabta rediyo a kowane jirgi, aka kuma hana shiga sai wanda ya nuna ya ƙware. A 1998 ma mutum 6 sun rasu a tseren Sidni zuwa Hobart a Ostireliya. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba irin waɗannan tseren na tsakiyar teku nake cewa ɗan koyo ya faɗa ba.

Tseren ƙananan jirage a kusa da gaɓa ko a tafki ake yi, kowa sanye da rigar hana nutsewa, jiragen ceto masu inji suna zagayawa. Tun a kwanakin farko akan sa ɗan koyo ya kifar da jirginsa da gangan ya tayar da shi, har abin ya daina ba shi tsoro. Mu dubi namu kogunan kuma. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Kwara, wajen Patigi, suna dawowa daga biki a jirgin da aka cika maƙil. Allah ya jiƙansu. Ba tsere suke yi ba. Abin da ke cin mutanenmu a ruwa shi ne lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da rashin rigar hana nutsewa, da rashin iya iyo. Yaron da aka hana kusantar ruwa, wata rana aiki ko zumunci zai sa shi hawa kwalekwale ko yana so ko ba ya so, a ranar kuwa gargaɗin uwarsa ba zai ɗaga shi sama ba. Malamanmu na Islamiyya ma sukan kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mun riƙe na dokin, ga hawan salla nan shaida, na iyon ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka in ɗanku ko 'yarku suka aiko daga waje suna neman izinin shiga irin wannan ƙungiya, ina roƙon iyayenmu kada su yi saurin cewa a'a. Su tambaya tukuna ko an koyi iyo sosai, ko ƙungiyar tana da malamai masu takardar shaida da jirgin ceto, ko ana fita ba tare da rigar hana nutsewa ba. Su gindaya sharaɗin cewa ranar da sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, ranar jirgi ya tsaya. Tseren tsakiyar teku kuwa a ce sai bayan an shekara biyu ko uku ana yin na bakin gaɓa, an kuma sake neman izini daga gida.