Shiru Ma Magana Ce

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in kawo wa 'yan'uwa masu karatu wani labari daga ƙasar Amurka, domin mu auna shi tare.

An yi wani mutum ana ce da shi Nathan Bedford Forrest, an haife shi a 1821, ya mutu a 1877. Da fataucin bayi ya yi dukiyarsa a birnin Memfis. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861, sai ya shiga rundunar Kudu, watau masu so a ci gaba da bauta, har ya zama janar na barade. A 1864, a wani sansani da ake kira Fort Pillow, mayaƙansa suka karkashe sojoji baƙar fata masu yawa bayan sun riga sun ajiye makamai. Bayan yaƙi kuma shi aka fara naɗawa shugaban ƙungiyar nan ta Ku Klux Klan, mai bin baƙar fata da ta'adi cikin dare. Masu yabonsa kuwa cewa suke gwanin yaƙi ne, kuma a 1869 ya ba da umurni a watse ƙungiyar.

To, a 2011 sai wata jam'iyya ta jikokin sojojin Kudu ta nemi jihar Misisipi ta buga lambar mota ta musamman don girmama shi. Baƙar fata kuwa sun fi sulusin mutanen jihar. Ƙungiyar NAACP, mai neman musu haƙƙi, ta roƙi Gwamna Haley Barbour ya fito ya tsine wa abin. Sai ya ce shi ba ya bin mutane da tsinuwa, kuma ai majalisa ba za ta yarda ba. A lokacin ana raɗe-raɗin zai nemi shugabancin ƙasa. Sai da surutu ya yi yawa, bayan 'yan kwanaki, sa'an nan ya ce ko an kawo masa dokar ba zai sa hannu ba.

Wani zai ce ai gwamna uban kowa ne, bai kamata ya goyi bayan wani ba. Ni ma na yarda, in gardamar iyakar gona ce. Amma fa ba a tambaye shi makomar Forrest a lahira ba, wannan sai Allah. Ba a kuma ce a kankare sunansa daga littattafan tarihi ba. Abin da aka tambaye shi ɗaya ne: shin za a ɗora sunan jiha, wanda jikan bawa da jikan ubangijinsa suka yi tarayya a kai, bisa mutumin da ya sayar da kakannin waɗansunsu? Wanda hatimi ke hannunsa ba ya zama ɗan kallo. In ya yi gum, mai nema zai ji kamar an ce masa ci gaba, wanda aka cuta kuwa zai ji ba shi da mai tsaya masa.

Jama'a, maganar da gwamnan ya yi daga baya, da tun ran farko ya yi ta, da ya huta, da mutanensa sun huta. Amma ya so ya yi zaman jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Allah ya ba mu shugabanni masu faɗin gaskiya tun kafin a matsa musu, amin.

Naku,
Akawu