A Kufena, Batirin Laftof Ya Fi "Core i7" Muhimmanci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu sayar da laftof a PZ ko Samaru ya san yadda cinikin ke farawa. Matashi zai shigo, ya gaisa, sai ya ce, "Oga, akwai Core i7?" Mai shago ya sauko da wata ƙatuwa mai sikirin inci 15.6, ya kunna, fitilun kibod su haska, a taya, a sallama. Ba kasafai ake tambayar awa nawa take yi in an cire caja ba. In ma an tambaya, amsar ba ta canzawa: "Batirinta garau yake, tana yin awa huɗu zuwa biyar." Sai an kai ta gida Kufena, an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sannan mai ita ya gane awa huɗun nan minti arba'in ne.

Ga mai zama a Zariya, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Laftof da ba ta riƙe caji kwamfutar tebur ce kawai da ake wahalar ɗauka a jaka. A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa masu layin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane yunit, da alkawarin awa 20 a rana. Waɗanda ba sa kan wannan layi kuwa abin da suka samu shi ne rabonsu. A ƙarshen Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Janareta kuma, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ya zama abin da ake lissafi kafin a ja igiyarsa. Ɗalibin da ke rubuta furojet, da mai zanen fosta, da mai koyon rubuta manhaja a ɗakinsa, duk aikinsu yana tsayawa ne a inda batir ya tsaya. Don haka tambayar batir ce ya kamata ta zo farko, sauran su biyo baya.

Masu waya sun saba da mAh, kowa ya san 5,000 ta fi 4,000. A laftof kuwa lambar da ake dubawa ita ce Wh. Batirin waya mai mAh 5,000 bai wuce Wh 19 ba, laftof ta ofis kuma yawanci tana zuwa da tsakanin 42 da 60. Lissafin ba shi da wuya: a raba Wh ɗin batir da wat ɗin da na'urar ke ci. Laftof mai Wh 50 da ke cin wat 7 wajen rubutu da burauza za ta yi kusan awa 7. Wannan batirin dai, in aka sa shi a na'urar wasan gem mai cin wat 25, awa 2 ne. Akwai kuma wani ɓarawon caji da ba a lura da shi: mafi yawan mutane da hotspot ɗin waya suke shiga intanet, hotspot na zuƙe waya, sai a jona ta a jikin laftof. Cika wayar nan sau ɗaya ya ci sama da kashi ɗaya cikin uku na batir mai Wh 50.

Lambar da ke rubuce a takardar kamfani ta lokacin da na'urar take sabuwa ce. Tun da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwar laftof ta fi ƙarfin yawancin matasa, tokumbo ake saye. Tokumbo kuwa ta yi shekara uku ko biyar tana aiki a wani ofis a Ingila ko Amurka kafin ta iso Legas, ta biyo mota zuwa Kano ko Zariya. Jikinta na iya zama fes, batirin ya tsufa.

Gane wannan ba ya buƙatar injiniya, kuma ba ya cin minti biyu. A Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport a danna Enter. Za ta fitar da fayil, ta nuna inda ta ajiye shi. A ciki akwai layi biyu da suka fi komai amfani: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. In na farko ya nuna 50,000 na biyu 30,000, kashi 60 cikin ɗari ne ya rage, kuma duk rantsuwar mai shago ba za ta ƙara masa ko ɗaya ba. Kashi 80 zuwa sama ya yi. Ƙasa da 70, sai dai a saye ta da niyyar canza batir. A MacBook ana ganin lafiyar batir a saitin Battery, adadin cajin da ya sha kuma a System Information. Apple ta ce batirin nata na kaiwa caji 1,000 kafin ya sauko wajen kashi 80. Bayan duba lamba, yana da kyau a cire caja, a sa haske a rabi, a kunna bidiyo na minti 20 a ga nawa ya sauka. Batirin jabu kan nuna lamba mai kyau, sannan ya faɗo daga 40 zuwa 7 a lokaci guda.

Shi kuwa "i7" da ake ta nema, suna ne kawai in ba a karanta lambar da ke bayansa ba. Core i7-4600U ta 2013 ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu gare ta. Core i5-8250U ta 2017 tana da huɗu, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, kuma duk wat 15 aka tsara musu. Lambar farko bayan layin, ko biyun farko a sababbin zubi, ita ce zubin da ta fito, abin da 'yan kasuwa ke cewa "jenereshon". Harafin ƙarshe kuma shi ke faɗin halinta da batir: U mai tsimi ce, H ko HQ kuwa ta wat 45 ce, an yi ta don tace bidiyo da gem kusa da soket. Wanda aikinsa Word, Excel, Canva, Zoom da VS Code ne, in ya sayi H ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba, ya kuma ƙara da awannin da zai rasa kullum.

Zubi na 8 shi ne iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba yanzu. Microsoft ta tsayar da tallafin da ta saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, ban da wasu 'yan tsiraru. Ana iya yi mata dabara a ɗora a kan tsohuwa, ana kuma iya komawa Linux, wanda ga mai koyon rubuta manhaja ma riba ce. Amma mai biyan kuɗinsa yau ba shi da dalilin sayen abin da tun ranar farko sai da dabara. RAM kada ta gaza 8GB, ma'adana kuma ta zama SSD; tsohon faifai mai juyawa yana da nawa, yana cin batir, ba ya kuma son girgizar keke napep.

Maganar nauyi ma ana yi mata gurguwar fahimta. Mai fitowa daga Kufena ko Wusasa zuwa Kongo ko Samaru, yana sauka daga wannan abin hawa yana shiga wancan, ba laftof kaɗai yake ɗauka ba, har da caja. Na'urar gem mai kilo biyu da rabi tana zuwa da caja kamar bulo. Mai inci 13 ko 14 kuwa, tsakanin kilo 1.1 da 1.6 take, cajarta ta shiga aljihu. Sai dai neman wadda ta fi kowacce siranta shi ma tarko ne. Yawancin sirara sosai an like RAM ɗinsu da allo, ba a ƙarawa, kayan gyaransu kuma sai an aika Legas. ThinkPad X1 Carbon ta 2018 kilo 1.13 ce da batir mai Wh 57, abin sha'awa, amma RAM ɗin da ta zo da shi da shi za ta mutu. HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 7490 sun ɗan fi ta nauyi, amma ana kwance su da sukundireba, ana ƙara musu RAM, kuma masu gyara sun san su. Latitude ɗin tana zuwa da batir iri biyu, mai Wh 42 da mai 60, a jiki ɗaya. Wanda bai duba ba zai biya kuɗin babba ya tafi da ƙarami. ThinkPad T480 ba kyakkyawa ba ce, ba kuma ita ce mafi sauƙin ɗauka ba, amma batir biyu gare ta: na ciki mai Wh 24, da na waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba, wanda babbansa ke kai Wh 72. Ga unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba, da wuya a samu tsarin da ya fi wannan dacewa.

Duka waɗannan huɗun suna karɓar caji ta USB-C, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin laftof biyu masu farashi ɗaya. Fawa bank mai mAh 20,000 yana ɗauke da wajen Wh 74. Ko an cire abin da ke ɓacewa a hanya, ya kusa cika batir mai Wh 50 sau ɗaya. Sharaɗin shi ne ya zama mai PD da ke fitar da wat 45 ko 65. Irin na waya na gama-gari ba zai motsa ta ba. Fawa bank ana kai shi shagon caji a bar shi a tafi. Ba kowa ne zai iya barin laftof ɗinsa da duk aikinsa a hannun mai caji ba. A gwada kafar USB-C ɗin a shago da caja ta gaske, in biyu ne a gwada duka.

MacBook Air mai M1, wadda ta fito a Nuwamban 2020, ita ce ta fi duk waɗannan riƙe caji. Batirinta Wh 49.9 ne kacal, amma cinta kaɗan ne, nauyinta kilo 1.29, kuma ba ta da fanka, wato ba ta da inda za ta zuƙi ƙurar hunturu. Mai hali ya saya ba zai yi nadama ba, in ya tabbatar an cire iCloud ɗin mai ita na farko a gabansa. Amma in sikirin ya fashe gyaran na da tsada ƙwarai, kuma ɗalibin injiniya ko na taswira da ke buƙatar SolidWorks ko ArcGIS Pro ya sani don Windows aka yi su. Chromebook kuwa arha ce, tana daɗewa da caji, sai dai ba ta ɗaukar manhajojin Windows, kuma rabin amfaninta na tafiya ne da data.

Shawarar da ake yawan gani daga waje ita ce a tsayar da caji a kashi 80 don batir ya daɗe. Gaskiya ce, Lenovo da Dell ma sun sa wannan saiti. Amma an yi ta ne don mai wuta dare da rana. Wanda bai san yaushe za a sake kawowa ba ya cika 100, ba laifi. Abin da ya fi kashe batir a Zariya zafi ne. A Maris da Afrilu rana na kusantar digiri 40, alhali Apple da kanta 35 ta sa a matsayin iyakar zafin wurin aiki. Ɗora laftof kan katifa ana caji ana kallon fim, ko barinta a jaka cikin mota da rana, su ke kumbura batir. Alamar farko ita ce wurin linzami ya fara ɗagowa ko murfin ƙasa ya ƙi zama daidai. In an ga haka a daina caji, a kai a cire shi.

In lambar batir ta yi ƙasa amma sauran na'urar lafiya lau, ba dole a fasa ba. A tambayi kuɗin sabon batir na wannan samfurin a shago biyu, a cire shi daga farashi, a sa a canza a gaban mai saye, sannan a sake buga powercfg kafin a biya. Mai shagon da ya ƙi a yi wannan gwaji na minti biyu, ko ya ce sai an biya za a cire caja, akwai wani shagon kusa da nasa.