A Buɗe Ta Kafin a Binne Ta

Akwai wata fatawa da ta yi yawa a bakin samarin da ke kaɗa jita a yankinmu, tun daga Maraɗi har Tibiri da Sae Sabuwa: wai in tsohuwar ampili mai kwalba ta fara ƙugi, ko akwatin sauya amo da ake takawa da ƙafa ya yi shiru, a yar, a sayi sabo. Ni ban yarda ba. Wanda ya yanke wa na'ura hukuncin mutuwa bai kwance ko ƙusa ɗaya ba, lalaci ne ya yi masa magana.

Bari mu fara da abin da ke cikin akwatin. Waɗannan kwalabe, da masu gyara ke kira lamp, su ne ke ƙara ƙarfin amo tun kafin a ƙirƙiro taransista a 1947. An yi su ne don a zare a sake, kamar ƙwan fitila, shi ya sa ba a like su da dalma ba. Sau da yawa ma ba su ne ke da laifi ba. Kondansa tana bushewa in ta tsufa, sai ka ji ƙugi. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa, sai ka ji ƙarar-ƙarar. Dalma tana sakewa saboda jijjigar hanya a bayan babur. Fis yana ƙonewa. Wanne daga cikin waɗannan ya kai a haƙa kabari?

Sai laifin da yake namu. Kayan da anka yi don Amurka suna cin wuta 120, tamu kuwa 220 ce. Mutum ya sayo na hannu, ko rubutun baya bai duba ba, ya soka a bango, hayaƙi ya tashi, sai ya ce an cuce shi. Wani ya kunna ampili mai kwalba ba tare da ya jona lasifika ba, alhali hakan na iya ƙona taransifomar fitar da amo, wadda tana cikin mafi tsada a akwatin. Ga kuma janareta da ke hawa da sauka. Kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta na 2023, har sai Maris na 2024 ta maido. Mu da wutarmu ke biyo layin Katsina zuwa Gazawa mun ga yadda kowa ya koma kan janareta. Sabuwar na'urar da za ka saya, a wannan wutar za ka jona ta, malam.

Masu cewa a yar suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kwalba tana da nauyin aljihu. Masana'antun da sunka rage suna yin ta kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kuɗinta ya tashi a duniya. Tana cin wuta, tana zafi, akwatinta na karya kafaɗa. Mai kiɗan biki da zai shiga ƙauyen da babu kuran, ƙaramar ampili mai batir ta fi masa. Na yarda, ya saye ta. Amma sayen ƙarama bai wajabta zubar da babba ba. Kuma ranar da ƙaramar ta mutu, kai ta wurin mai gyara ka gani: allo ɗaya ne, ƙananan abubuwa like kamar ƙwan kifi, zai juya ta ya miƙo maka. Tsohuwar kuwa kowane sashe nata ido na ganinsa, hannu na kai masa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne raina kai. Mdou Moctar da duniya ke saurare yau, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Mamman Sani da ogan na hannu ya yi kaset ɗinsa na 1978, wanda Sahel Sounds ta sake fitarwa a 2013. Ba su jira sabo a kwali ba. Mu kuma muna da mutanen da ke naɗe wayar fanka da ta injin ban ruwa a kasuwar Maraɗi, muna da masu gyaran rediyo da sunka tsufa a kan dalma, amma muna wuce su. Kowace na'ura da anka yar, aikin wani ne anka yar, kuma yaron da ke zaune gefensa ya rasa darasi guda.

To ga abin da nake kira a yi. Kafin ka saya, sa a kunna ta a gabanka ta yi zafi, ka kaɗa, ka duba rubutun wutarta. In ta lalace, kai ta wurin wanda ya san ta, a fara da mai sauƙi: fis, waya, ƙura, dalma, sannan kwalba da kondansa. A faɗa maka jikka nawa kafin a taɓa. Kada ka buɗe da kanka, don Allah. Kondansa tana riƙe wutar da ta haura 300 ko bayan an zare waya, kuma tana kisa. In an duba an tarar taransifoma duka biyu sun ƙone, allo ya zama gawayi, kuɗin gyara ya zarce darajarta, to a nan na sallama. Ko a nan ɗin ma kada ta tafi bola: lasifikarta, maɓallanta da kwalaben da sunka tsira za su tada wata.

Wanda ke da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado, ya fito da shi wannan mako, ya kai a buɗe.